Kujerar Baya a Jirgin Yaƙin Abokina

Shekarun baya, lokacin wani dogon yajin aiki na jami'o'i, abokina ya dawo ƙauyenmu da jaka ɗaya da laftof, ya ce zai zauna har sai an buɗe makaranta. Ƙauyen namu yana gefen dam ɗin Watari ne, ba nisa da Bagwai. Tare muka taso da shi, tare muka sha bulalar firamare, tare muka gama sakandare. Daga nan hanya ta rabu. Shi ya samu gurbin karatu ya tafi birni, ni kuma mahaifina ya rasu, gonar shinkafarmu ta rani ta dawo wuyana.

Ba mu taɓa yin faɗa ba, amma hirarmu ta ƙafe. Idan ya kira ni a waya, daga "ya gida, ya su Inna, ya aikin gona" sai mu yi shiru, can sai ɗayanmu ya ce sabis ba kyau, alhali sabis lafiyarsa ƙalau. Shi labarinsa na lakca da jarrabawa ne, ni kuma nawa na taki da rabon ruwa. Abin yana ci mini rai ƙwarai, don ba ni da wani aboki kamarsa, kuma ina ji ina gani yana kuɓuce mini.

To, da ya dawo sai ya zo da wani gem na jirgin yaƙi. Ba irin na waya ba ne da ake danna-danna a wuce. Wannan an kwaikwayi jirgin gaske ne, har tayar da injinsa sai an koya. Yayansa yana da shagon kwamfuta a Bagwai, inda ake buga takardu da hoton katin shaida, da sola a kan rufi. Nan ya kai ni wata rana, ya zaunar da ni gaban kwamfutar shagon, shi kuma ya buɗe laftof ɗinsa a gefe.

Ya ce, "Jirgin nan kujera biyu gare shi. Ni ne a gaba, ni ke tuƙi, ni ke harbi. Kai kana baya, aikinka rada."

Na ce, "Mece ce kuma rada?"

"Na'urar da ke hango jirage tun ido bai kai gare su ba. Kai za ka gaya mini inda suke. Kai ne idona, mutumina."

Na ji daɗin maganar nan har cikin raina. Sai da na dubi allon radar sannan daɗin ya ragu. Wani baƙin fili ne mai layuka, ga wasu 'yan alamomi suna rarrafe a kansa, wasu kore, wasu ja, wasu rawaya, kowace da ɗan wutsiya da lamba a gefenta. Abokina ya yi mini bayani kam, ba zan ci haƙƙinsa ba. Sai dai bayanin rabinsa Turanci ne, ɗaya rabin kuma Turancin da ya fi na farko wuya. Yana yi ina gyaɗa kai ina cewa "na gane, na gane," kamar wanda aka karanta wa wasiƙa da harshen Sin.

Ba mu kaɗai muke wasan ba. Akwai abokan karatunsa, kowa yana garinsu, ana haɗuwa ta intanet ana magana ta iyafis, abin sawa a kunne. Suna da tawaga, da shugaba wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai dai muryarsa mai kauri. Da rana tsaka muke yi, saboda ni. Lokacin shinkafata ta fara ɗaukar nono, wato ƙwayarta ta fara cika, tsuntsayen jan-baki sun sauka, gadi nake yi safe da yamma. Sai rana ta take su koma inuwa su huta, ni ma in hau babur in nufi Bagwai.

Kuskurena na farko, na ɗauki allon nan kamar taga. A ganina sama sama ce, ƙasa ƙasa ce. Idan na ga jar alama tana zamewa daga saman allo tana yin ƙasa, sai in ƙwala ihu, "Yana sauka! Yana sauka, bi shi ƙasa!" Abokina ya kifa hancin jirgi, mu tafi neman mutumin da yake can sama da mu yana sako mana makami mai linzami. Kafin ka ce kwabo mun kama da wuta. Haka muka yi ta mutuwa, har 'yan tawagar suka fara yi mana ta'aziyya tun kafin mu tashi.

Kuskure na biyu shi ya fi muni. Wata rana na ga alama ta doso mu, ban tsaya duba launinta ba, na kama ta da rada na ce, "Harba! Harba!" Abokina ya harba. Sai muka ji salati a cikin iyafis. Ashe shugaban tawagarmu ne muka kakkaɓo.

Ya ce, "Wai don Allah wane ne a bayan nan? Abokan gaba ba su kashe ni ba, sai ɗan gida?"

Aka yi ta dariya, ni ma na taya su, amma ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

A hanyar komawa gida abokina yana tuƙa babur ina baya. Sai da muka hau kan kanal ɗin ban ruwa sannan ya rage gudu.

Ya ce, "Zan gaya maka gaskiya, kada ka ji a bakin wani. Ranar Asabar muna da karawa da wata tawaga da ta sha lallasa mu. Oga ya ce akwai wani ɗan ajinmu da ya iya rada, a ba shi kujerar. Na roƙe shi ya bar ka ka hau wannan karon. Ya yarda, amma ya ce in aka sake irin ta yau, shi ke nan."

Na ce, "Ai ba komai. Wasa ne."

Ƙarya na yi, da komai. Tun da muka fara gem ɗin nan hirarmu ta dawo. Muna musu, muna zagin juna irin na da, muna dariya har mu riƙe ciki. Na san in yajin aiki ya ƙare ya koma birni, kujerar nan ce kaɗai za ta riƙa haɗa mu. In wani ya hau ta, sai mu koma "ya gida, ya aikin gona." Na sauka a ƙofar gidanmu na shige ciki.

Washegari da sassafe ina kan rumfar gadi. Ga wanda bai taɓa gadin shinkafa ba, rumfa ce ake kafawa mai tsayi a bakin gona. Daga jikinta ake jan igiyoyi su bazu cikin gonar, wata ta yi hagu, wata ta miƙe, wata ta yi dama, kowace an rataya mata gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Inda tsuntsu ya sauka, igiyar wajen kake fizga, gwangwani ya yi kara, su tashi. Ranar nan haushi nake ji, duk abin da ya gifta fizga nake yi ina ihu.

Mahaifiyata ta zo kawo mini koko, ta tsaya a ƙarƙashin rumfar tana kallona.

Ta ce, "Kai, lafiyarka kuwa? Me balbela ta yi maka?"

Na duba, ashe balbelu nake ta kora tun ɗazu.

"Ba sa cin shinkafa, ƙwari suke tsince maka. Kana ta kashe hannunka a kan 'yan taimako, ga ɓarayin can sun zauna a igiyar dama kamar an gayyace su. Ka riƙa dubawa kafin ka ja mana."

Na ce, "To, Inna." Na fizgi igiyar dama, jan-baki suka tashi fuu.

Ta tafi, na zauna ina shan koko ina kallon gonar. Wani garke ya taso daga can ƙarshe, ya biyo igiyar tsakiya yana matsowa. Ba tare da na yi tunani ba na san abu biyu, igiyar da suke kai da kuma nisansu daga rumfa. A nan kofin ya tsaya a hannuna. Na ce a raina, to in a ce wani ya kwance igiyoyin nan ya jera su a tsaye a jikin allo, ɗaya kusa da ɗaya, ƙarshen gona ya koma sama, rumfa ta koma ƙasa fa? Tsuntsun da ke matsowa sai a ga kamar sauka yake yi. Ashe ba sauka suke yi ba. Zuwa suke yi wajena.

Na kira abokina a take, ko gaisuwa babu.

Na ce, "Kai, ƙasan allon nan, ni ne?"

Ya ce, "Me?"

"Gindin allon rada. Mu ne a wurin? Saman kuma nesa ne, ba sama ba?"

Ya yi wata irin ƙara. "Abin da nake gaya maka ke nan tun ranar farko!"

Na ce, "Ƙarya kake yi, Turanci kake gaya mini. Taso ka zo gona."

Ya zo kuwa, da takalminsa na 'yan birni, ya zame a kan kunyar gona ya tsoma ƙafa ɗaya cikin taɓo. Na ja shi ya hau rumfa. A kan rumfar nan muka yi karatun da ya gagare mu a gaban kwamfuta. Na hana shi Turanci, na ce duk kalmar da ba zai iya faɗa wa Inna ba kada ya faɗa mini. Ya yi ta kame-kame, yana sosa ƙeya, amma a hankali abin ya fito. Koren rabin da'ira namu ne, balbela ke nan. Ja mai tsini abokin gaba ne, jan-baki. Rawaya mai kusurwa huɗu ba a san ko wane ne ba, akwai maɓallin da ake danna a tambaye shi, in namu ne zai amsa ya koma kore, in ya yi shiru ka san sauran. Wutsiyar nan tana nuna inda jirgi ya sa gaba. Lambar gefe kuwa ita ce tsayinsa a sama, abin da na yi ta nema a inda ba ya nan.

Ya ƙara mini da wani abu guda. Ya ce rada ba ta ganin sama da ƙasa gaba ɗaya, kamar tocila take, inda ka haska nan take gani. Akwai abin da ake murzawa a ɗaga ta ko a sunkuyar da ita. Na ce wannan ai na sani, in na ƙura ido sama ba na ganin abin da ke bin gindin ciyawa. Muka zauna har yamma, shi yana jan igiyoyin hagu ni ina jan na dama. Bai iya ba ko kaɗan, sai tsuntsu ya ƙoshi sannan yake ja, na samu abin ramawa na yi ta tsokanarsa.

Ranar Asabar na isa shagon tun kafin a idar da sallar azahar a masallacin kasuwa. Bayan mun yi salla muka zauna. Jirage huɗu ne a kowane ɓangare. Shugaba ya yi wa kowa bayanin aikinsa, da ya zo kanmu sai ya ce, "Na baya, don girman Allah, yau a bar ni in mutu a hannun abokan gaba." Aka yi dariya.

Muka tashi. Ba a jima ba jajayen alamomi suka bayyana a saman allona, suna zamewa ƙasa a hankali. Da a da ne, da tuni na tura abokina cikin rami. Na duba lambobinsu, na ce, "Uku ne, a gabanmu sak, suna sama sosai, mu suka nufo."

Shugaba ya ce, "Madalla. Kowa ya riƙe layi, mu hau sama mu tare su."

Ni kuwa lissafin bai yi mini ba. Huɗu ne su, ina na huɗun? Duk wanda ya yi gadi ya san halin jan-baki. Babban garke yana sama yana juyi, ya ɗauke maka ido, wasu 'yan kaɗan kuma su biyo gefen kanal ƙasa-ƙasa, sai dai ka ga zangarniya tana rawa. Ko dabara ce ko dacewa, Allah masani, amma sun sha yi mini. Na murza na sunkuyar da radar.

Alamomi biyu rawaya suka fito. Ɗaya tana dama, kusa da mu. Yatsana ya tafi zai kama ta, na janye shi, na danna tambaya. Ta koma kore. Shugaba ne, ya ɗan zame daga layi bai sani ba. Ɗayar tana hagu, lambarta ƙarama ƙwarai, kusan tana shafar ƙasa, wutsiyarta ta nuna gefen shugaba. Na tambaye ta. Shiru. Na sake tambaya. Shiru.

Na ce wa abokina, "Juya hagu, ka yi ƙasa."

Bai motsa ba. Ban ga laifinsa ba, wannan kalma ta "ƙasa" daga bakina ta kashe shi sau ba adadi.

Shugaba ya ce, "An fara ko? Kada ka saurare shi, ka riƙe layi!"

Alamar tana ta zamowa. Na cire iyafis ɗin kunne ɗaya, na juyo na dubi abokina a zahiri, shi ma ya dube ni.

Ya ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Igiyar hagu. Yana bin kanal. In ka ƙara jinkiri zai cinye oga."

Ya karya jirgin hagu ya kifa shi. Shugaba yana ta faɗa a kunnenmu, ba wanda ya amsa masa. Na ɗora alamar kamu a kan mutumin, rada ta riƙe shi. Abokina ya ce ya harba? Na ce a'a, yana can ƙarshen gona, bari ya shigo. Akwai wani ɗan layi a gefen allo da ke nuna inda makaminmu yake iya kaiwa. Na zuba masa ido, alamar tana matsowa, tana matsowa, har ta taɓa shi.

"Yanzu!"

Ya harba. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar injin buga takarda. Can sai alamar ta ɓace daga allona, rubutu ya fito a sama cewa mun kakkaɓo jirgi ɗaya.

Ihun da na yi, wata Hajiya da ke jiran a yi mata hoton katin shaida sai da ta dafe ƙirji tana salati. Na miƙe zumbur, kujerar roba ta tafi da baya, wayar iyafis ta fizgo ni na dawo. Abokina yana cewa, "Zauna, ba a gama ba! Ina sauran?" Na durƙusa a kan gwiwoyina don babu lokacin ɗauko kujera, na ɗaga radar sama. Yanzu mu ne a ƙasa, a gefensu, ba su san da mu ba. Na riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, wannan yana dama, ya juya baya, wancan kore ne a bar shi, ga ja nan yana gudu. Muka ƙara kakkaɓo ɗaya, 'yan uwanmu suka gama da sauran. Ba mu rasa jirgi ko guda ba.

Iyafis ya cika da sowa. Da hayaniya ta lafa sai muryar shugaba ta fito, ta yi laushi.

Ya ce, "Wai tsaya. Wancan na ƙasan, ni ya nufo?"

Abokina ya ce, "Kai ya nufo, oga."

Ya ce, "Malam na baya, ka yafe mini. Kujera taka ce, ko ni ban isa in taɓa ta ba. Amma don Allah mene ne igiyar hagu?"

Na ce sai ya zo Watari zan nuna masa, ya taho da takalmin roba.

Muka fito waje, rana tana dukan kwalta, muka sayi rake a bakin titi muka zauna kan benci. Na lura abokina ya riƙe rakensa bai sha ba. Na tsokane shi na ce matuƙi guda rake ya gagare shi. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Ka san lokacin da na juya ɗin nan ban ga komai ba? Wallahi ko ɗigo ban gani ba, daga ƙasa sai duwatsu. Muryarka kawai na bi."

Na sunkuyar da kai na ci gaba da shan rake, don kada ya ga idona.

Yau an kwana biyu da wannan. Tawagar ta watse tuni, kowa ya yi aure, aiki ya yi masa yawa, kwamfutar shagon ma ta mutu an sayar da ita. Ni ina nan ina noma, ban taɓa shiga jirgin sama na gaske ba har yanzu, kuma ba na jin kunyar faɗa. Amma duk lokacin da na tuna ranar nan sai in ji ƙirjina ya buɗe. Na koyi cewa ba kaina ne ba ya ja ba, ta ƙofar da ban sani ba aka shigo mini da karatun. Na kuma koyi cewa "ban gane ba" da wuri ta fi "na gane" ta ƙarya sauƙi, da na faɗe ta tun farko da ba mu yi ta mutuwa a banza ba.

Abokina yanzu yana aiki a wani gari mai nisa, sai mu shekara ba mu ga juna ba. Kwanaki aka yi masa tayin wani sabon aiki, ga shi da kyau a ido, amma hankalinsa bai kwanta ba. Yana da abokan aiki masu digiri bisa digiri da zai iya tambaya. Ina tsakiyar ban ruwa, ƙafafuna cikin taɓo, wayata ta yi ƙara. Na ɗauka, ko sallama bai ƙarasa ba ya ce, "Mutumina, ajiye fartanyar nan ka saurare ni. Ni dai ban ga komai ba. Kai me ka hango?"